Cuta ta tafi, jiki bai dawo ba: yadda ake farfaɗowa bayan mura mai zafi ko korona

Zazzaɓi ya sauka tun makonni biyu da suka wuce, hanci ya daina zuba, kowa a gida ya ɗauka an wuce wurin. Amma har yanzu tari yana tashin ka cikin dare, hawa bene yana sa ka haki, kuma aikin da a da kake gamawa kafin hantsi yanzu sai ya kwantar da kai. Mutane da yawa suna samun kansu a wannan hali bayan mura mai zafi, ko korona, ko wata cutar numfashi da ƙwayar bairos ke kawowa. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne babu wanda ya gaya musu cewa tafiyar ƙwayar cuta daban, dawowar jiki daban.

Bairos yakan bar ɓarna a bayansa. Hanyar iska, tun daga hanci har cikin huhu, tana lulluɓe da wasu ƙananan gashi da ido ba ya iya gani, aikinsu share majina da ƙura su turo su sama. Cuta tana kakkaɓe su, kuma kafin su sake tsirowa sai an ɗauki makonni. Jijiyoyin maƙogwaro suna zama masu saurin harzuƙa, iska mai sanyi ko dariya kawai sai ta tayar da tari. Garkuwar jiki ba ta kwantawa ranar da zazzaɓi ya sauka, ga kuma tsoka da ta saki saboda kwanciya. Duk waɗannan suna gyaruwa a wajen mafi yawan mutane. Abin da ke jinkirta gyaran, sau da yawa, shi ne gaggawa.

Mataki na farko: a tabbatar ba wata cuta ce ta ɓuya ba

Kafin ka kira abin da ke damunka "ragowar mura", ka tabbatar ragowar ce. Akwai alamomin da ba a jira da su, asibiti ake nufa a ranar: sarƙewar numfashi kana zaune ba ka yin komai, ko wadda ta zo farat ɗaya, ciwon ƙirji ko jin kamar an danne shi, jini a cikin kaki, suma ko ruɗewa, leɓe ko harshe ya yi shuɗi ko fari fat, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, domin hakan na iya zama gudan jini da zai iya gangarawa huhu. Haka nan idan ka fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, tari ya ƙaru, to wataƙila bakteriya ce ta shigo ta kan raunin da bairos ya bari, kuma wannan tana buƙatar magani.

In akwai na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa 100. Idan ta tsaya a 92 ko ƙasa da haka, a nemi likita nan take. Sai dai a sani cewa na'urar kan nuna lamba sama da gaskiya a jikin masu duhun fata, kuma jan farce da sanyin yatsu suna rikita ta. Idan lamba ta ce lafiya lau amma kai kana jin numfashi yana gagarar ka, yarda da jikinka.

Sai maganar lokaci. Likitoci suna raba tari gida uku: wanda bai kai makonni 3 ba, wanda ke tsakanin makonni 3 da 8, da wanda ya haura makonni 8. Tarin da ke biyo bayan mura yawanci yana cikin na tsakiya, yana raguwa a hankali har ya ɓace. Wanda ya wuce makonni 8 dole a bincika shi. Amma ga wani abu da ba na so a raina: tarin da ya kai makonni 2 tare da gumin dare, rama, ko zazzaɓin yamma, a je a yi gwajin tarin fuka, ko da kuwa da mura abin ya fara. Tarin fuka yana warkewa da magani, kuma kowane makon da aka ɓata ana cewa "ai murar ce ba ta sake ni ba", mutanen gida ne ke shaƙar sa.

Wanda cutar ta kai shi ga namoniya, hanyarsa ta fi tsawo. Zazzaɓi yakan tafi cikin mako guda, ciwon ƙirji da kaki su ragu wajen makonni 4, tari da haki wajen makonni 6. A wata na 3 yawancin alamomi sun tafi amma gajiya na iya saura, kuma wasu sai sun kai watanni 6 kafin su ji sun koma yadda suke. Game da korona kuwa, a watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba doguwar korona ma'ana: alamomin da ake gani yawanci watanni 3 bayan kamuwa, waɗanda suka ɗauki aƙalla watanni 2, kuma ba a sami wata cutar da za ta bayyana su ba.

Mataki na biyu: a rubuta

Samu ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a waya. Kowane dare rubuta abu huɗu: awa nawa ka yi barci, me ka aikata, yaya ƙarfin jikinka daga 0 zuwa 10, da alamar da ta fi damunka. Ƙara bugun zuciyarka na safe kafin ka sauko daga gado; yatsu biyu a wuyan hannu na minti ɗaya sun isa. Yi haka na makonni biyu kafin ka yanke wani hukunci. Mai jinya yana manta jiya da sauri, ranar wahala takan shafe ranaku uku masu kyau daga ƙwaƙwalwa, kuma ba tare da rubutu ba mataki na gaba ba zai yiwu ba.

Mataki na uku: a gane wace irin gajiya ce

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Gajiya bayan cuta iri biyu ce, a ido suna kama, amma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗayar.

Ta farko gajiyar sakin jiki ce. Ka kwanta kwanaki, tsoka ta yi laushi, zuciya da huhu sun saba da zaman banza. Mai irin wannan in ya yi tafiya zai gaji a lokacin, ya huta awa ɗaya ko ya yi barci, washegari ya tashi daidai ko ma ya fi jiya ƙarfi. Maganinsa motsi, a ƙara kaɗan-kaɗan.

Ta biyu kuwa ba ta zuwa a lokacin aikin. Mutum ya tashi ranar da ya ji dama-dama, ya yi wanki, ya fita, ya yi doguwar hira, ya kwanta yana murna ya warke. Bayan awa 12 zuwa 48 sai jiki ya rushe: gaɓoɓi su yi nauyi, kai ya ɗaure, maƙogwaro ya yi ciwo kamar murar ta dawo, barci kuma bai wartsake shi ba. Rushewar na iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Kuma ba aikin ƙarfi kaɗai ke jawo ta ba. Dogon karatu, kallon waya, hayaniya, tashin hankali, duk suna ci daga ƙarfin nan guda. Saboda tazarar da ke tsakanin aiki da sakamakonsa, mutum ba ya haɗa su, sai ya ce abin yana zuwa ne haka kawai. Littafin da ka rubuta shi zai tona asirin: duba ranar da ka rushe, sannan ka koma kwana ɗaya ko biyu baya ka ga me ka yi.

Mai irin wannan gajiya idan aka ce masa "daure, motsa jiki, lalaci ne", an cuce shi. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta janye shawarar ƙara motsa jiki bisa tsayayyen jadawali ga masu cutar gajiya mai daɗewa, wadda wannan rushewa ita ce babbar alamarta. Abin da ake so shi ne auna ƙarfi. Ka ɗauki ƙarfinka na yini kamar guzurin matafiyi: abin da ke cikin jaka shi ke nan, wanda ya cinye shi da safe zai yini da yunwa, wanda kuma ya ci na gobe yau zai gane kurensa goben.

Ga yadda ake yi. Daga littafinka, nemo yawan aikin da ka yi a ranakun da rushewa ba ta biyo baya ba. Wannan ne iyakarka ta yanzu, ko da ta ba ka kunya. Zauna ƙasa da ita kaɗan, ka bar rara. Yanka manyan ayyuka gunduwa-gunduwa, minti 10 ko 15 na aiki, sai hutu. Huta kafin ka gaji, kada ka jira gajiya ta kira ka. Hutu na gaskiya shi ne kwanciya ko jingina, ido a rufe, babu waya, babu rediyo. Abin da za a iya yi a zaune, kamar wanka, girki ko guga, a yi shi a zaune. Kada ka haɗa manyan abubuwa biyu a rana ɗaya. In akwai zuwa asibiti ranar Talata, Litinin da Laraba su zama marasa nauyi.

Rana mai kyau ita ce tarko. Ranar da ka tashi garau, zuciya za ta ce ka biya bashin duk ayyukan da suka taru. Yi abin da ka saba yi jiya, ka ƙyale sauran ƙarfin ya tafi wajen gyaran jiki. Sai ka yi mako guda cur ba tare da rushewa ba sannan ka ƙara abu ɗaya, ƙarami, ka jira kwana biyu ka ga amsar da jiki zai bayar. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina kira ga 'yan uwa da shugabannin wurin aiki a nan. Mai wannan lalura fuskarsa ba ta nunawa, gwajin jininsa ma sau da yawa yakan fito lafiya. Ganin sa yana dariya ranar Asabar ba hujja ba ce cewa ƙarya yake yi ranar Litinin. Komawa aiki da rabin yini, ko kwana biyu zuwa uku a mako a farko, ya fi a koma gaba ɗaya a sake kwanciya wata guda.

Mataki na huɗu: a sake koyon numfashi

Bayan doguwar cuta mutane da yawa suna komawa numfashi da saman ƙirji, gajere-gajere, ta baki, kafaɗu a ɗage. Wannan kaɗai yana kawo haki, jiri da bushewar maƙogwaro ko da huhu ya warke. Zauna ka jingina, saki kafaɗu, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Shaƙi iska ta hanci a hankali har hannun da ke ciki ya ɗago, na ƙirji kuma ya kusa zama a wurinsa. Fitar da ita a natse, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Kada ka cika huhu da ƙarfi. Numfashi mai laushi ake nema. Minti 5, sau biyu ko uku a rana, a lokacin da kake cikin natsuwa, domin jiki ya saba kafin ranar buƙata.

Idan haki ya kama ka a tsakiyar aiki, tsaya. Sunkuya gaba kaɗan ka ɗora gwiwar hannu a kan cinya ko tebur, ko ka jingina da bango. Shaƙa ta hanci, ka tsuke leɓe kamar mai hura abu mai zafi ka fitar a hankali. Wajen hawa bene ko ɗaga kaya, fitar da iska a daidai lokacin yunƙurin, kada ka riƙe numfashi.

Mataki na biyar: tari

Busasshen tari yana ciyar da kansa: ka yi tari, maƙogwaro ya ƙara ƙuna, ƙunar ta sake kiran tari. Ana karya wannan zagaye ne tun daga ƙaiƙayin farko. Da ka ji shi, rufe baki, haɗiye yawu da ƙarfi, kurɓi ruwa kaɗan, ka yi numfashi a hankali ta hanci har ƙaiƙayin ya lafa. Ajiye ruwa kusa da kai dare da rana. Cokali ɗaya na zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Nisanci hayaƙi kowane iri, ƙura, da turare mai ƙarfi. Mai shan taba kuwa, babu abin da zai yi wa huhunsa da ya kai dainawa a wannan lokaci.

Idan tarin yana tsananta da kwanciya, duba abu biyu: majinar da ke gangarowa daga bayan hanci, da ƙwannafi. Na farko ana rage shi da wanke hanci da ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan da aka tafasa ya huce. Na biyu, ɗaga kan gado ka bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Maganin feshi na buɗe hanci kada ya wuce 'yan kwanaki, in ba haka ba toshewar za ta dawo fiye da da. Tari mai fito a ƙirji, musamman da dare ko da asuba, na iya zama asma da cutar ta tayar, kuma wannan likita ne zai auna. Masu hawan jini su kuma sani cewa wasu magungunansu, irin su lisinopril, suna jawo busasshen tari. A gaya wa likita, kada a daina sha da kai.

Mataki na shida: komawa motsa jiki

Wannan na wanda ba ya rushewa bayan aiki ne, ko wanda ya daɗe da daina rushewa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don masu farfaɗowa daga korona yana da hawa biyar, ana yin aƙalla kwana 7 a kowanne: miƙe gaɓoɓi da atisayen numfashi, tafiya a hankali da ƙananan ayyukan gida, tafiya da sauri da hawa bene, gudu-gudu da keke, sai komawa wasannin da aka saba. Ma'auni mai sauƙi a hawan farko-farko shi ne ka iya magana cikakkiya kana tafiya. In washegari ka tashi da gajiyar da ta fi ta kullum, ko bugun zuciyar safe ya hau sama da yadda ka saba gani a littafinka, koma hawan da ke ƙasa.

Ciwon ƙirji, faɗuwar gaba mara dalili, ko jiri yayin motsa jiki, a dakata gaba ɗaya a ga likita. Bairos kan kumbura tsokar zuciya a wasu mutane ƙalilan, kuma wanda aka tabbatar masa da haka ana hana shi wasa mai ƙarfi na watanni 3 zuwa 6. Akwai kuma waɗanda zuciyarsu ke tsere da zarar sun miƙe tsaye. Auna bugu a kwance bayan hutun minti 5, sannan a tsaye cikin minti 10, da wani a kusa da kai saboda jiri. In ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ya kuma zauna a haka, kai wa likita lambobin. Kafin nan, tashi daga kwance a hankali, ka yawaita shan ruwa.

Ƙamshi, barci da ƙwaƙwalwa

Wanda hancinsa ya daina jin ƙamshi, ko yake jin wari a abin da ba ya wari, akwai horon da za a iya yi a gida. Likita Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Dresden na Jamus suka wallafa shi a 2009, da ƙamshi huɗu: furen wardi, lemun tsami, kanumfari da man yukaliftus. Ana shinshina kowanne a hankali na kusan daƙiƙa 20, safe da yamma, ana tuno yadda ƙamshin yake a da, na aƙalla makonni 12. Ba kowa yake warkarwa ba, amma ba ya cutarwa. Kafin hanci ya dawo, a kula da gas ɗin girki da abincin da ya kwana, a sa wani ya shinshina.

Barci a ba shi tsayayyen lokacin tashi kowace rana, a rage abin sha mai hana barci bayan tsakar rana. Mantuwa da rashin tattara hankali suna bin ƙa'idar gajiya: abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta komai, a yi aikin tunani a sa'ar da kai ya fi washewa. Zubewar gashi watanni 2 zuwa 3 bayan zazzaɓi mai zafi tana firgita mutane, amma yawanci gashin yana dawowa da kansa. Baƙin ciki ko fargabar da ta wuce makonni biyu tana hana ka ci da barci, ita ma lalura ce da ake kaiwa asibiti, ba raunin zuciya ba.

Magungunan da ba a sha da ka

Antibayotik ba ya kashe bairos, kuma koren kaki kaɗai ba hujjar shan sa ba ce. Dexamethasone da prednisolone suna sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, amma suna ɗaga sukari, suna raunana garkuwa, suna iya rufe tarin fuka har ya yi nisa. Maganin tari mai kodin yana kama mutum har ya kasa daina sha. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, a kuma duba magungunan mura na haɗi domin da yawansu suna ɗauke da shi. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Duk wanda ya zo maka da kwalba ɗaya da ya ce tana wanke huhu ta kuma kawar da gajiya, riƙe kuɗinka.

Ranar komawa wajen likita

In an kai makonni 4 ba a ga alamar ci gaba ba, ko makonni 8 tari bai tafi ba, ko watanni 3 gajiya da haki suna hana ka harkokinka, koma. Tsofaffi, masu juna biyu, da masu ciwon sukari, zuciya, asma, sikila ko raunin garkuwa kada su jira haka. Tafi da littafinka da duk magungunan da kake sha, har na gargajiya. Maimakon "ina jin kasala", ce "a da ina tafiyar minti 30, yanzu minti 5 ke kwantar da ni kwana biyu". Tambayi ko ya dace a duba ƙarancin jini, sukari, aikin ƙoda da hanta, da maƙoƙo, domin kowannensu yana kawo gajiya mai kama da wannan kuma yana da maganinsa. Gwargwadon alamominka, likita zai iya ƙara hoton ƙirji, gwajin kaki, awon ƙarfin huhu ko awon bugun zuciya. Idan duk gwaje-gwaje suka fito lafiya alhali kana rushewa bayan aiki, faɗi hakan ƙarara, ka nemi a haɗa ka da likitan motsa gaɓoɓi ko sashen farfaɗo da marasa lafiya da ya san auna ƙarfi, kuma ka tambaya yaushe ya dace ka yi allurar rigakafin mura da ta korona kafin wata cutar ta sake samun ka.